Ƙofa A Buɗe Take, Amma Akwai Zaure: Darussan Shekarar Farko A Kwalejojin Al'umma Na Amurka

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, dubun dubatar mutane a ƙasar Amurka sukan yi rajista a wani irin makarantu na shekara biyu waɗanda mutanen ƙasar ke kira kwalejojin al'umma. A cikinsu akwai matashin da ya gama sakandare watanni uku da suka wuce, da tsohon soja wanda ya ajiye kaki, da uwar 'ya'ya wadda ta bar aji shekara goma sha biyar baya, da ma'aikacin da aka rufe masana'antarsu, da kuma baƙon da ya shigo ƙasar bai daɗe ba. Galibin waɗannan kwalejoji ba su korar kowa daga bakin ƙofa. Duk wanda ya zo da takardar shaidar gama sakandare, ko makamanciyarta, za a karɓe shi.

To, amma karɓa daban, wucewa daban. Kamar yadda baƙo ba ya faɗawa tsakar gida sai ya bi ta zaure, haka nan ɗalibin kwalejin al'umma ba ya kaiwa ga sana'a ko digirin da ya zo nema sai ya ratsa waɗansu darussa na tilas da aka jera masa a shekarar farko. Biyu daga cikinsu, watau rubutun Turanci da lissafi, su ne suka fi tsare hanya, kuma a kansu ne aka shafe fiye da shekara goma ana jayayya tsakanin malamai da masu bincike da majalisun dokokin jihohi. Jayayyar ta shafi duk wanda ke da hannu a shirya manhajar manyan makarantu, a ko'ina yake.

Asalin Kwalejojin

Tarihin waɗannan makarantu ya faro ne daga garin Joliet na jihar Illinois a shekarar 1901. A lokacin nan William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Chicago, yana da ra'ayin cewa karatun shekaru biyu na farko a jami'a ya fi kama da ci gaban sakandare, saboda haka babu laifi a gudanar da shi a wani wuri dabam, jami'a kuwa ta mai da hankali ga zurfafa ilmi da bincike. Shi da abokinsa J. Stanley Brown, shugaban makarantar sakandaren Joliet, suka buɗe aji da ɗalibai shida. Wannan aji shi ne ya zama kwalejin Joliet, wadda har yanzu tana aiki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amarin ya bunƙasa. Dokar 1944 wadda ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga fagen fama ta cika makarantu maƙil. A 1946 Shugaba Harry Truman ya kafa kwamiti a kan ilmi mai zurfi, rahoton kwamitin na 1947 kuwa ya ba da shawarar a shimfiɗa kwalejoji masu araha a kusa da gidajen jama'a, kuma shi ne ya yayata sunan kwalejin al'umma. A shekarun 1960 kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa. Yanzu akwai kimanin 1,000 a faɗin ƙasar, jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116.

Arahar kuɗin makaranta ita ce babban abin da ke jan mutane. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin da ɗan yankin kwaleji ya biya bai wuce kimanin dala 4,000 ba, alhali ɗan jiha a jami'ar gwamnati ya biya fiye da dala 11,000. Saboda haka ɗalibai da yawa sukan yi shekara biyu a kwaleji su karɓi ƙaramin digiri, sa'an nan su wuce jami'a su ƙarasa sauran biyun. Waɗansu kuma sana'a suka zo koya, kamar aikin jinya, ko walda, ko gyaran mota, ko aikin kwamfuta, da sun gama sai su kama aiki.

Yadda Ake Auna Karatu

Kafin a fahimci darussan tilas, wajibi ne a san mudun da ake awo da shi. A Amurka ana auna kowane darasi da abin da suke kira sa'ar karatu. Sa'a ɗaya tana nufin awa ɗaya a cikin aji kowane mako, da kimanin awa biyu na nazari a gida, har tsawon zango guda na wajen mako goma sha biyar. Akasarin darussa sa'a uku-uku ne, na kimiyya kuwa masu haɗe da ɗakin gwaje-gwaje sukan kai huɗu. Ƙaramin digiri yana buƙatar kimanin sa'o'i 60.

A nan akwai wani tarko da sababbin ɗalibai ke yawan faɗawa. Bisa ƙa'idar Gwamnatin Tarayyar Amurka, wanda ya ɗauki sa'o'i 12 a zango cikakken ɗalibi ne, kuma ya cancanci cikakken tallafi. Amma lissafi ya nuna cewa sa'o'i 12 sau zango huɗu 48 ne kurum. Wanda ke son gamawa cikin shekara biyu sai ya ɗauki 15 a kowane zango, watau darussa biyar, ko kuma ya cike giɓin da karatun lokacin hutu. Darussa biyar kuwa aikin awa arba'in da biyar ne a mako idan an haɗa da nazari. Ga mutumin da ke aikin albashi da rana, yana kuma da iyali, wannan nauyi ne babba, shi ya sa ɗalibai da yawa ke ɗaukar darasi biyu ko uku kaɗai, shekara biyu ta koma huɗu ko fiye.

Darussan Da Ba Makawa

Babu wata manhaja guda da ta game dukan ƙasar, domin sha'anin ilmi a Amurka yana hannun jihohi. Duk da haka, idan aka duba littattafan ƙa'idojin kwalejoji daga gabas zuwa yamma, za a ga sun yi kama da juna ƙwarai.

Na farko shi ne rubutun Turanci, wanda galibi ake raba shi zango biyu. A zangon farko ɗalibi yakan koyi tsara insha'i mai hujja: ya faɗi matsayinsa, ya kawo dalilai, ya amsa wa mai ja da shi, kana ya sake rubutawa bayan malami ya yi gyara. A zango na biyu sai a shiga rubutun bincike, inda zai nemo bayanai a laburare, ya auna ingancinsu, ya kuma ambaci inda ya samo kowace magana, domin satar rubutun wani laifi ne da kan jawo faɗuwa ko kora. Kwalejoji da yawa ba su barin ɗalibi ya shiga zango na biyu sai ya sami aƙalla sakamakon C a na farko, kuma darussa irin su tarihi da adabi sukan shar'anta cin wannan darasi tukuna.

Na biyu shi ne darasin lissafi guda ɗaya na matsayin kwaleji. Shekaru da dama wannan yana nufin aljabara ga kowa da kowa, ko injiniya mutum zai zama ko ɗan jarida. Bayan waɗannan biyu sai kimiyya tare da aikin gwaji, da ɗaya daga cikin fannonin zaman jama'a kamar ilmin halayyar ɗan Adam ko tattalin arziki, da wani abu daga tarihi ko falsafa ko adabi ko zane-zane. A wurare da yawa akwai kuma darasin magana a gaban jama'a.

Jihar Teksas misali ce mai kyau, domin ta rubuta nata tsarin daki-daki. Dukan manyan makarantun gwamnatin jihar suna da ginshiƙin manhaja na sa'o'i 42: shida na sadarwa, uku na lissafi, shida na kimiyya, uku na harshe da falsafa da al'adu, uku na fasahar ƙirƙira, shida na tarihin Amurka, shida na sha'anin mulki, uku na ilmin zaman jama'a, sauran shidan kuma kowace makaranta ta zaɓa. Wanda ya kammala waɗannan a kwaleji guda, doka ta wajabta wa kowace jami'ar gwamnatin jihar ta karɓe su a dunƙule. Masu koyon sana'a ana rage musu, amma ba a yafe musu gaba ɗaya. A jihohin kudu, hukumar da ke tantance kwalejoji ta shar'anta aƙalla sa'o'i 15 na irin wannan ilmi na gama-gari ga kowane ƙaramin digiri.

Daɗin daɗawa, kwalejoji da dama suna tilasta wani ɗan gajeren darasi na sanin makamar karatu, mai sa'a ɗaya zuwa uku. A ciki ake koya wa sabon ɗalibi tsara lokaci, da ɗaukar rubutu a lacca, da sanin ofishin da zai je idan kuɗi ya yanke masa. Jami'ar South Carolina ce ta yi suna da irin wannan darasi tun 1972, kwalejojin jihar Virginia kuma sun sa shi cikin sharuɗɗan samun digiri. Ga wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka babbar makaranta, babu wa ko uba da zai gaya masa waɗannan abubuwa, sai dai ajin.

Jarrabawar Rana Ɗaya

Tun da yake kwalejin ba ta tace kowa a wajen shiga, sai aka ƙirƙiro wata hanyar tacewa daga ciki. Shekaru da yawa al'adar ita ce, da zarar ɗalibi ya yi rajista sai a zaunar da shi gaban kwamfuta ya yi jarrabawar tantance matsayi a Turanci da lissafi. Biyu ne suka fi shahara, Accuplacer da Compass, ko da yake an daina ta biyun a 2016. Ɗalibai da yawa sukan shiga ɗakin ba tare da wani shiri ba, ba su ma san abin da ya rataya a kanta ba.

Wanda makinsa ya kai iyakar da aka yanka sai ya shiga darasin kwaleji kai tsaye. Wanda ya gaza ko da maki ɗaya ne, sai a tura shi azuzuwan share fage, waɗanda suke hawa-hawa: wani hawa ɗaya zai yi, wani biyu, wani uku, a lissafi ma har akan mayar da mutum kan tarawa da rabawa na firamare. Kowane hawa zango guda ne. Ɗalibi yana biyan kuɗinsa kamar sauran darussa, amma sa'o'insa ba su shiga cikin sittin ɗin nan na digiri. Watau wanda aka ɗora wa hawa uku zai shafe shekara ɗaya da rabi yana biya yana karatu kafin ya isa inda abokin zuwansa ya fara a ranar farko.

Niyyar da aka kafa tsarin da ita kyakkyawa ce. Malamai sun ga cewa jefa mutumin da bai iya kasafin lamba ba cikin ajin aljabara zalunci ne, gara a gina masa tushe tukuna. An daɗe ana tafiya a kan haka kafin wani ya tsaya ya ƙirga mutum nawa ne ke fitowa ta ɗaya ƙarshen.

Inda Tulun Ke Yoyo

Ƙirgar ta fito ne daga cibiyar binciken kwalejojin al'umma da ke Jami'ar Columbia a birnin New York. A wani nazari da Thomas Bailey da abokan aikinsa biyu suka buga a 2010, sun bi sawun ɗalibai fiye da 250,000 a kwalejoji 57. Suka tarar kashi 59 cikin ɗari an tura su share fagen lissafi. Daga cikin waɗanda aka tura, kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kammala hawan da aka ɗora musu, kuma ɗaya cikin biyar ne ya ci darasin lissafin kwaleji a cikin shekara uku.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne dalilin ɓacewar sauran. Waɗanda suka ɓace saboda ba su yi rajistar ajin farko ko aji na gaba ba sun fi waɗanda suka faɗi jarrabawa yawa. Mutum zai ci hawan farko lafiya lau, sa'an nan a canza masa lokacin aiki, ko motarsa ta lalace, ko yaro ya kwanta ciwo, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Tsawon hanyar kansa shi ne ke cinye mutane.

Lissafi mai sauƙi zai bayyana wannan. A ɗauka, don misali kawai, an tura mutum 100 hawa uku na share fage kafin darasin kwaleji. Kowane aji yana da mashiga biyu, yin rajista da cin jarrabawa, aji huɗu ke nan mashiga takwas. Ko da a kowace mashiga mutum takwas cikin goma suna wucewa, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, daga 100 za a koma 80, sai 64, sai 51, haka haka har a ƙare da mutum 17. Kowane malami a cikin jerin zai iya cewa ajinsa yana tafiya daidai, kuma gaskiya ya faɗa, amma tulun ya iso gida saura ɗan ruwa a gindi.

Sa'an nan aka juya kan jarrabawar tantancewar kanta. A 2012 Judith Scott-Clayton, ta wannan cibiya, ta nazarci bayanan wani babban rukunin kwalejoji na birni, ta kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai a lissafi, da kashi ɗaya cikin uku a Turanci, an ajiye su a matsayin da ya yi nisa da nasu, kuma mafi yawan kuskuren na mayar da mai iyawa baya ne. Bincike ya kuma nuna cewa sakamakon shekarun sakandare ya fi jarrabawar rana ɗaya faɗin gaskiyar yadda ɗalibi zai yi, domin yana ɗauke da labarin naci da zuwa aji da gama aiki, abubuwan da kwamfuta ba ta gani cikin awa guda.

Gyare-gyaren Da Aka Yi

Gyara na farko ya fito ne daga hannun malamai. A 2007 wani malamin Turanci mai suna Peter Adams, a kwalejin al'umma ta yankin Baltimore, ya jarraba wata dabara: maimakon a tsare ɗalibi mai rauni a ajin share fage, a sa shi cikin ajin rubutun kwaleji tare da kowa, sa'an nan a ƙara masa wani ƙaramin aji da malamin nan dai, inda za a warware masa abin da ya shige masa duhu a wannan makon. Ana iya kiran wannan tsarin rakiya, domin taimakon yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da darasin, mashigai takwas ɗin nan kuma sun koma biyu.

Jihohi suka ɗauka. A 2013 majalisar dokokin Fulorida ta yi doka wadda ta ɗauke wa yawancin waɗanda suka gama sakandaren gwamnatin jihar tilascin jarrabawar tantancewa da azuzuwan share fage. A 2015 jihar Tennessee ta shimfiɗa tsarin rakiya a dukan kwalejojinta, hukumar kwalejojin kuma ta ba da rahoton cewa masu cin lissafin kwaleji a shekarar farko, daga cikin waɗanda a da za a tura share fage, sun tashi daga kimanin kashi 12 cikin ɗari zuwa fiye da 50. Teksas ta bi sahu da dokar 2017.

Kalifoniya ce ta yi mafi girman sauyi. Dokar da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2017 ta umurci kwalejoji su yi amfani da sakamakon sakandare wajen ajiye ɗalibi, kuma kada su tura kowa share fage sai da hujjar cewa hakan zai fi masa amfani. Wata cibiyar nazarin manufofin jihar ta kwatanta 2015 da 2019, ta ga masu cin rubutun Turanci na kwaleji a zango ɗaya sun tashi daga kashi 27 cikin ɗari zuwa 61, na lissafi kuma daga 14 zuwa 40. A 2022 aka ƙara wata doka da ta tsananta ta farkon.

Gyara na biyu ya shafi irin lissafin da ake nema. Aka tambaya, me ya sa mai shirin aikin jinya ko aikin 'yan sanda zai tsaya kan aljabarar da aka shirya domin masu zuwa injiniya, alhali ilmin ƙididdiga ne zai yi masa amfani a bakin aiki? A 2013 an yi gwaji a kwalejoji uku na jami'ar birnin New York, inda aka raba ɗalibai masu rauni ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka sa a ajin ƙididdiga na kwaleji tare da ƙarin taimako, kashi 56 cikin ɗari suka ci. Waɗanda aka bari a aljabarar share fage, kashi 39. Yanzu jihohi da yawa sun raba lissafin shekarar farko hanya uku: aljabara ga masu kimiyya da injiniya, ƙididdiga ga masu fannonin lafiya da zaman jama'a, da lissafin harkokin yau da kullum ga masu adabi da fasaha.

Abin Da Masu Suka Ke Cewa

Ba kowa ne ya yi na'am ba. Ƙungiyoyin malamai a Kalifoniya sun yi adawa da dokar 2022, suna cewa ta rufe ƙofa ga dattijon da ya bar lissafi shekara ashirin, wanda da bakinsa yake roƙon a fara masa daga tushe. Malaman kimiyya kuma suna tsoron kada a tura ɗalibi babban lissafi da gurguwar aljabara. Akwai kuma maganar waɗanda suka faɗi: a da faɗuwa a ajin share fage ba ta cika ɓata takardar sakamako ba, yanzu kuwa F ɗin yana zaune daram a kanta.

Masu binciken da kansu sun ja kunne. Wani nazari da cibiyar Columbia ta yi daga baya a kan Tennessee ya tabbatar da cewa tsarin rakiya ya ƙara yawan masu cin darussan farko, amma bai ga wani ƙarin a-zo-a-gani ba a yawan masu kammala digiri cikin shekara uku. Cire ƙaya ɗaya daga hanya bai sa hanyar ta zama gajera ba. Haya da abinci da renon yara suna nan inda suke.

Shirin da ya fi nuna tasiri a kan kammalawa shi ne wanda jami'ar birnin New York ta fara a 2007, mai suna ASAP. An wajabta wa ɗalibi ya zama cikakken ɗalibi, ya riƙa ganin mai ba shi shawara a kai a kai, a madadin haka aka cike masa giɓin kuɗin makaranta, aka ba shi littattafai da katin shiga jirgin ƙasa da bas. Gwajin ƙuri'a ya nuna kashi 40 cikin ɗari sun sami digiri cikin shekara uku, alhali a ɗaya rukunin 22 ne. Sai dai shirin yana cin kuɗi, ba kuma kowace jiha ce ke shirye ta biya ba.

Maki, Tallafi Da Wucewa Jami'a

Sakamakon shekarar farko yana da alaƙa kai tsaye da aljihu. Talakawan ɗalibai sun dogara ne a kan tallafin Gwamnatin Tarayya mai suna Pell, wanda aka kafa a 1972. Don ci gaba da samunsa, galibi ana buƙatar matsakaicin maki 2 cikin 4, watau C, da cin kimanin kashi biyu cikin uku na sa'o'in da mutum ya yi rajista. Darasin da aka janye daga gare shi a tsakiyar zango yana shiga lissafin. Tun 2012 kuma tallafin bai wuce zango goma sha biyu ba a rayuwar mutum. Ɗalibin da ya ɗauki darussa huɗu a zangon farko ya faɗi biyu, ya riga ya shiga layin gargaɗi tun bai san kan makarantar ba.

Haka nan zaɓen darasi ba bisa shawara ba yana da tsada. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka ya kiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na sa'o'in da suka tara, saboda sabuwar makarantar ba ta karɓa ba. Wannan ne ya sa Kalifoniya ta kafa ƙaramin digiri na musamman domin wucewa jami'a a 2010, ya kuma sa Bailey da abokansa, a littafinsu na 2015, suka soki tsarin da ke zube wa sabon ɗalibi ɗaruruwan darussa ya zaɓa da kansa, suka nemi a zana wa kowane fanni taswira zango bayan zango.

Ɗaliban Nijeriya da ke zuwa Amurka ta wannan hanya, musamman a birane irin su Houston inda 'yan ƙasar suke da yawa, sharuɗɗan sun fi tsanani a kansu. Bizar karatu ta wajabta sa'o'i 12 a kowane zango, ba su da rabo a tallafin Pell, kuma kuɗin da suke biya ya ninka na ɗan gari. Hawa ɗaya na share fage da za a iya kauce masa da ɗan bitar lissafi kafin tafiya, kuɗin zango ne a dala. Ya kamata mai niyya ya san jami'ar da yake hari tun kafin rajistar farko, ya kuma nemi a nuna masa a rubuce cewa za ta karɓi kowane darasin da zai ɗauka.

Ga jami'an ilmi a gida kuwa, batun share fage ba baƙo ba ne, tun daga makarantar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya har zuwa darasin amfani da Turanci da ke kan kowane ɗan aji ɗaya a jami'o'in ƙasar. Yanayin ƙasashen biyu ya bambanta, abin da ya yi aiki a Tennessee ba lalle ne ya yi a wani wuri ba. Abin koyi shi ne hanyar da Amurkawa suka bi suka gano kuskurensu: sun daina tambayar kowane aji mutum nawa suka ci jarrabawarsa, suka koma bin ɗalibi ɗaya-ɗaya daga ranar da ya yi rajista, suna ƙirga nawa ne suka ratsa zauren bayan shekara uku, nawa kuma suka juya gida ba wanda ya lura.